Mama da 'Yan'uwanta: Nazarin Asali da Ma'anonin Gajeriyar Kalma a Harsunan Duniya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci kalmar *mama* da makamantanta, wato *baba*, *papa*, *dada*, *nana* da *kaka*, waɗanda ake samu a harsunan da ba su haɗa dangi ba. An kwatanta sigoginsu da ma'anoninsu a wasu harsunan Afirka da Turai da Asiya da Ostireliya, sannan aka auna su da ma'aunin sauyin sauti. Nazarin ya nuna cewa sigar kalmar daga bakin jariri take fitowa, ma'anarta kuwa manya ne suke ɗora mata, kuma kowace al'umma da irin ɗorin da ta yi. An ba Hausa kulawa ta musamman, domin a cikinta ana ganin tsohuwar kalmar gado da kalmar goyo da kalmar aro suna aiki tare a gida ɗaya.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana kiran mahaifiyarsa *mama*. Haka mai magana da Sawahili a Zanzibar yake yi, haka Basine a Beijin, haka Barashe a Mosko, haka mai magana da harshen Kecuwa a tsaunukan Peru. Waɗannan harsuna biyar kowanne danginsa daban: Hausa tana cikin harsunan Cadi, Sawahili cikin na Bantu, Sinanci cikin na Sin da Tibet, Rashanci cikin na Indiya da Turai, Kecuwa kuma cikin nasa rukunin na Kudancin Amurka. Idan aka ɗauki kalmar ruwa ko wuta ko hannu a cikinsu, ba za a sami biyu da suka yi kama ba. Me ya sa sai a kan *mama* suka yi ittifaƙi?

Masana kimiyyar harshe sun san hanyoyi huɗu da kan sa kalmomin harsuna biyu su yi kama. Ta farko ita ce gado, kamar yadda *ism* na Larabci da *shem* na Ibrananci da *suna* na Hausa suka fito daga tushe ɗaya. Ta biyu aro ne, kamar *littafi* daga Larabci da *mota* daga Ingilishi. Ta uku katari ne kawai: *bad* yana nufin mummuna a Farisanci da Ingilishi duka, alhali kowace kalma da tarihinta, kuma a harshen Mbabaram na Ostireliya sunan kare *dog* ne, tun kafin masu harshen su ga Bature. Ta huɗu ita ce ɗabi'a, inda wani abu da ke wajen harshe yake tura harsuna daban-daban zuwa ga sauti ɗaya, kamar yadda kukan kyanwa ya ba ta suna *mao* a Sinanci da *miw* a tsohon harshen Masar. Manufar maƙalar ita ce tantance wace hanya ce daga cikin huɗun ta fi bayyana lamarin *mama*, da kuma nuna inda sauran ukun suke shigowa.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Tun a 1853 Bajamushen nan Johann Buschmann ya tattara sunayen uwa da uba daga harsuna masu yawa, ya kira su sautin ɗabi'a, ya kuma yi gargaɗin kada a kafa hujjar dangantakar harsuna da su. Otto Jespersen ya bi wannan layi a 1922, inda ya nuna cewa jariri yana wasa da leɓɓansa ne kawai, uwa ce take ji kamar ita ake kira.

Wanda ya fara auna lamarin da alƙaluma shi ne George Peter Murdock a 1959. Ya tattara kalmomi 1,072 daga al'ummomin duniya, 531 na uwa da 541 na uba, bayan ya tsame waɗanda ake zargin an aro su daga harsunan Turai. Ya gano cewa fiye da rabin sunayen uwa suna da gaɓa irin *ma* ko *na*, fiye da rabin sunayen uba kuma suna da gaɓa irin *pa* ko *ta*. A shekarar da ta biyo baya, 1960, Roman Jakobson ya ɗauki alƙaluman Murdock ya nemo musu dalili. A ganinsa, yayin da jariri yake tsotson nono bakinsa a cike yake, iskar da zai fitar sai ta hanci, don haka ɗan gunjin da yake yi ɗan hanci ne. Daga baya yakan maimaita wannan gunji idan ya ga abinci ko ya ji yunwa, kuma da ya buɗe baki sai gunjin ya koma *ma*.

Akwai masu saɓanin wannan ra'ayi. Merritt Ruhlen, musamman a ayyukansa na 1994, ya tafi a kan cewa duk harsunan duniya daga harshe ɗaya suka tsiro, kuma ana iya gano ragowar kalmominsa. Pierre Bancel da Alain Matthey de l'Etang sun faɗaɗa wannan da'awa a kan sunayen dangi, inda a 2002 suka ware wa kalmar *kaka* nazari na musamman, suna ganin gado ce daga harshen mutanen farko. Larry Trask ya mayar da martani a 2004, ya kawo misalai daga tarihin harsunan da aka daɗe ana rubuta su, ya nuna ana ƙirƙirar irin waɗannan kalmomi ana kuma rasa su a kowane zamani. Ta fuskar Hausa, ƙamusoshin Bargery (1934) da Abraham (1949) da Newman (2007) sun taskace kalmomin da ma'anoninsu, sai dai aikin ƙamus bayar da ma'ana ne, ba kwatanta harsuna ba.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatance. An zaɓi misalai daga harsunan da ba su haɗa dangi ba, aka fifita waɗanda suke da daɗaɗɗen tarihin rubutu, domin a cikinsu ne ake iya bin sawun kalma daga ƙarni zuwa ƙarni. An yi wa kowane ra'ayi gwaji biyu. Na farko gwajin ma'ana: idan kalma gado ce daga tushe ɗaya, ana sa ran ma'anoninta su nuna tsari da za a iya bin sa baya. Na biyu gwajin sauti: kalmar gado tilas ta bi sauye-sauyen sautin da sauran kalmomin harshenta suka bi.

A cikin maƙalar, "kalmar goyo" tana nufin kalma mai gaɓa ɗaya da aka ninka, ko mai kama da haka, wadda sigarta ta dace da furucin jariri. "Wasan baki" yana nufin matakin da jariri yake jera gaɓoɓi ba tare da nufin ma'ana ba. "Kalmar ambato" ita ce wadda ake magana a kan mutum da ita, "kalmar kira" kuma wadda ake kiran sa da ita ido da ido.

4.0 Nazari

4.1 Sigar Kalma

Jariri mai lafiyar ji yakan shiga matakin wasan baki tsakanin wata shida zuwa goma da haihuwa, kalmarsa ta farko kuma takan zo wajen cikar shekara. A wannan mataki bai iya sarrafa harshensa da leɓɓansa daban-daban ba. Abin da ya iya shi ne ɗaga muƙamuƙi da sauke shi yana fitar da murya. Peter MacNeilage da Barbara Davis sun nuna a 2000 cewa wannan motsi kaɗai ya isa ya samar da gaɓa: rufewar baki ta ba da baƙi, buɗewarsa ta ba da wasali. Idan harshe yana kwance a mazauninsa, leɓɓa ne suke haɗuwa, sai a sami baleɓe tare da wasalin *a*: *ba*, *pa*, *ma*. Idan harshe ya ɗan matso gaba ya taɓi hanƙa, sai a sami *da*, *ta*, *na*. Bambancin *ma* da *ba* kuwa bai wuce buɗewa ko rufewar hanyar hanci ba. Ninkin gaɓa ya samo asali ne daga maimaita motsin, domin jaririn ba ya tsayawa a sau ɗaya.

Wannan ya bayyana abin da babu a cikin kalmomin goyo, ba abin da ke cikinsu kaɗai ba. Da wuya a sami al'ummar da 'ya'yanta suke kiran uwa da kalma mai *r* ko *ts* ko *ƙy*, domin waɗannan sautuka sai yaro ya yi wayo yake iya su. Jarin jariri bai wuce baƙaƙe shida ko bakwai da wasali ɗaya ko biyu ba. Idan dubban al'ummomi suna zaɓen sunayen iyaye daga wannan ɗan ƙaramin jari, haɗuwarsu a kan siga ɗaya ba abin mamaki ba ce.

Kowane harshe kuma yana tace abin da jariri ya furta da rariyar tsarin sautinsa. Larabci ba shi da *p*, don haka *baba* ya karɓa. Hausa ma ba ta bambanta *p* da *f*, kuma ita ma *baba* ce ta zauna mata. Harsuna masu karin sauti sukan ɗora wa gaɓar kari su tsaga ta gida-gida: a Sinanci gaɓar *ma* tana iya zama uwa, ko tsiron rama, ko doki, ko zagi, gwargwadon karin da aka furta ta da shi.

4.2 Ma'anar Kalma

A nan ne ra'ayin tushe ɗaya yake fara tangal-tangal. A harshen Jojiya da ke yankin Kaukasus, *mama* uba ne, uwa kuwa *deda*. A harshen Pitjantjatjara na tsakiyar Ostireliya ma *mama* uba ne. A Indiyanci da Tamil, *mama* kawu ne, wato ɗan'uwan uwa. A Fulatanci *maama* kaka ne, haka *maam* a harshen Wolof na Senegal. A Turkanci *mama* abincin jariri ne, nono kuma *meme*. Yaran Japan suna kiran abinci *manma*. A Latin *mamma* nono ne kuma uwa ce, kuma daga wannan kalma Carl Linnaeus ya ƙirƙiro sunan ajin dabbobi masu shayarwa a 1758.

Sauran 'yan'uwan kalmar ma haka suke yawo. *Baba* uba ne a Turkanci da Sawahili da Yarbanci da Zabarmanci, amma a Rashanci tsohuwa ce ko macen ƙauye. *Dada* yaya ce ko ƙanwa a Sawahili, kakan wajen uba ne a Indiyanci, uwa ce a Fulatancin Adamawa. *Nana* kakan wajen uwa ne a Indiyanci, a harshen Akan na Gana kuwa kaka ne kuma laƙabin sarauta. *Kaka* da Bancel da abokinsa suka dogara da ita, wa ne a Sawahili, ƙanen uba ne a harsunan Indiya da dama, a Hausa kuma mahaifi ko mahaifiyar uwa ko uba. Wasu harsunan ma ba su damu da bambancin baƙi ba, da wasali suke raba uwa da uba: Igbo yana da *nne* da *nna*, Mancu yana da *eme* da *ama*.

Duk da wannan warwatsuwa, ma'anonin ba su fita daga da'ira ɗaya ba. Ko dai mutum ne da yake kusa da jariri, ko nono, ko abinci. Ba a samu a cikin misalan inda kalmar goyo take nufin dutse ko kwale-kwale ta wannan hanya ba. Inda aka ga haka, kamar *papa* da ke nufin dankali a Kecuwa, katari ne. Bayanin da ya fi dacewa da wannan tsari shi ne mafi sauƙi. Jariri ya furta gaɓa, wanda yake riƙe da shi ya fassara ta da abin da ke gabansa, ya maimaita masa, ya yi masa murmushi, har yaron ya haɗa sautin da abin. Rinjayen *ma* ga uwa da Murdock ya gano ya dace da bayanin Jakobson a kan shayarwa. Amma rinjaye ne ba doka ba, shi ya sa Jojiya ta iya juya lamarin ba tare da wani abu ya lalace ba.

Masu ra'ayin tushe ɗaya sukan amsa cewa ma'ana tana sauyawa, don haka uba zai iya komawa kawu, kawu ya koma kaka. Gaskiya ne ma'ana tana sauyawa. Matsalar ita ce, idan aka yarda wa kalma ta nufi kowane ɗan'uwa, namiji ko mace, babba ko tsara, to babu wani misali da zai iya ƙaryata da'awar. Da'awar da babu abin da zai iya ƙaryata ta kuwa ba ta da amfani a bincike.

4.3 Gwajin Sauyin Sauti

Kalmomi suna lalacewa da tsufa. *Aqua* ta Latin, wato ruwa, ta koma *eau* a Faransanci, ana furta ta *o*, cikin abin da bai kai shekara 2,000 ba. Wanda ya ce *mama* ta tsallake ɗaruruwan ƙarnoni ba ta sauya ba, sai ya faɗi abin da ya kare ta.

Tarihin Japananci ya nuna cewa babu abin da yake kare ta. A tsohon Japananci sunan uwa *papa* ne, na uba *titi*. Sai sautin *p* ya raunana ya koma *f*, kuma ƙamusun Japananci da Fotugis da aka buga a Nagasaki a 1603 ya rubuta kalmar da *f*. Akwai ma wani kacici-kacici na ƙarni na 16 wanda amsarsa leɓɓa ce, da ya ginu a kan cewa leɓɓa suna haɗuwa sau biyu idan an faɗi sunan uwa, ba sa haɗuwa idan an faɗi na uba. Japanawan yau sai an yi musu bayaninsa, domin *f* ɗin ta sake komawa *h*: uwa *haha* ce yanzu, uba kuma *chichi*. Kalmomin goyo ne a da, suka shiga cikin harshen manya, suka bi dokokin sautinsa har suka fi ƙarfin bakin jariri. Daga baya Japanawa suka aro *mama* da *papa* daga Turawa suka cike gurbin.

Harsunan Indiya da Turai sun maimaita wannan zagaye sau da yawa. Tsoffin kalmomin da suka haifi *mater* da *pater* na Latin, da *madar* da *pedar* na Farisanci, ga dukkan alamu gaɓoɓin *ma* da *pa* ne aka liƙa musu ɗafa-ƙeyar sunayen dangi. Daga nan suka bi hanyar kowace kalma: *p* ta koma *f* a harsunan Jamusawa aka sami *father* na Ingilishi, ta koma *h* a Armeniyanci aka sami *hayr*, ta ɓace gaba ɗaya a harsunan Kelt aka sami *athair* na Ailan. Faransanci ya tauna su suka koma *père* da *mère*. A duk inda hakan ta faru, sai wata sabuwar kalmar goyo ta tsiro a gefe. Faransawa suna da *papa* da *maman*, Italiyawa suna da *babbo*, mutanen Wales sun yar da tsoffin kalmomin suka riƙe *tad* da *mam*. Fassarar Baibul zuwa harshen Got a ƙarni na 4 ta yi amfani da *atta* a matsayin uba kusan ko'ina. Irin wannan *atta* ce ta sami ƙari a harsunan Slab ta zama *otets* na Rashanci, wadda yau ita ce kalmar takardun hukuma, yara kuwa *papa* suke cewa.

Ana iya cewa ai yaro daga bakin iyayensa yake koyon *baba*, don haka gado ce. Haka ne a gajeren zango. Amma idan dalilin da ya sa wasu kalmomin goyo suka daɗe ba su sauya ba shi ne jarirai suna sabunta su a kowane zamani, to jariran sun isa su bayyana kamannin, ko da harsunan ba su taɓa haɗa kaka ba. Bayanin gado ya zama ƙari marar buƙata.

4.4 Lamarin Hausa

Hausa tana da hawa biyu a bayyane. Kalmomin ambato su ne *uwa* da *uba*, jam'insu *iyaye*. Su ne suke haihuwar harɗaɗɗun kalmomi: uwargida, ubangida, uwarɗaki, uwar kuɗi, uban ƙasa, uban tafiya. Su ne kuma suke ɗauke da nauyi, har ya kai cewa *uwarka* ko *ubanka* tsagwaron zagi ne, alhali *mamanka* da *babanka* tambayar lafiya ake yi da su. Ɗa ba ya tsayawa a tsakar gida ya ƙwala wa mahaifiyarsa kira da *uwa*. Kalmomin kira daban suke: *inna*, *iya*, *mama*, *dada*, *baba*, tare da *yaya* da *kaka*. Dukkansu sun dace da sigar kalmar goyo da aka bayyana a sashe na 4.1.

*Mama* a Hausa tana da ma'anoni biyu, daidai da *mamma* ta Latin. Akwai mahaifiya, akwai kuma nono, kamar a "ba shi mama ya yi shiru" da kuma *rigar mama*. Jinsi yana raba su. Babu wata hanya ta tarihi da ta haɗa Kano da Rum a kan wannan, sai dai cewa a wurare biyun uwa ce take shayarwa.

Akwai wani abin lura a nahawun kalmar. *Uwa* da *inna* suna ɗaukar mahaɗin tamata: uwata, uwarsa, innarsu. *Mama* kuwa, a bakin mutane da yawa, mahaɗin namiji take ɗauka: mamana, mamansa, Maman Hanan. Amma aikatau yana bin ta da jinsin mace, sai a ce "mamana ta zo". Maƙalar tana ganin cewa *babana* ce ta janyo *mamana* zuwa sigarta, saboda yawan zuwansu tare, kuma hakan alama ce ta cewa *mama* mai nufin mahaifiya ba ta kai *uwa* da *inna* zurfin saiwa a nahawun harshen ba. Yawaitarta a birane fiye da ƙauyuka, inda *inna* da *iya* suka fi ƙarfi, ya dace da wannan fahimta.

*Baba* ta fi *mama* rassa. Idan karin ya fara ƙasa ya hau, uba ne. Idan ya fara sama ya sauka, mace ce: gwaggo, ko uwa a wasu gidajen. Matar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, Baba ta Karo, da wannan suna na biyu aka san ta, kuma mai karatun da bai san karin Hausa ba yakan ɗauka namiji ne kafin ya buɗe littafin. Ke nan abin da ya raba Turkanci da Rashanci a kan *baba*, Hausa ta haɗa shi a harshe ɗaya ta raba da kari. Akwai kuma *baba* na marina, tsiron da ake rini da shi, wanda ba shi da alaƙa da dangi ko kaɗan. Rubutun boko na yau da kullum, da yake ba ya nuna kari ko tsawon wasali, ya mayar da su duka kalma ɗaya a ido.

Al'adar alkunya ta ƙara wa waɗannan kalmomi wani aiki. Idan aka sa wa jariri sunan kakansa, iyayensa ba za su iya kama sunan ba, sai su kira shi Baba, Abba, Uba ko Baffa; idan mace ce mai sunan kakarta, ta zama Mama, Inna, Iya, Ummi ko Uwani. Ta haka kalmar da jariri ya bayar don a kira babba ta dawo kansa. Larabawan Sham da Masar suna da abin da ya yi kama da wannan ta wata hanya dabam, inda uwa take kiran ɗanta *mama*, uba ya kira 'yarsa *baba*, wato mai kira ya ba yaro sunan matsayinsa shi kansa.

4.5 Inda Aro Ya Shigo

Cewa asalin kalmomin goyo ɗabi'a ce bai hana a are su ba. Hasali ma sauƙin furucinsu yana sa su saurin ƙetare iyaka. *Kawu* da *gwaggo* da *baffa* sun shigo Hausa daga Fulatanci ta hanyar auratayya da zaman tare na ƙarnoni. *Umma* da *Ummi* daga Larabci suke, kuma sun ƙaru da yaɗuwar makarantun Islamiyya. *Momi* da *Dadi* da *Anti* na gidajen 'yan boko ne a Nijeriya, kamar yadda ake jin *papa* da *tanti* da *tonton* a biranen Nijar. Sunan da yaro yake kiran mahaifiyarsa da shi a yau yakan faɗi irin makarantar da iyayensa suka yi.

Wasu kalmomin goyo sun bar ɗaki sun shiga fada da wurin ibada. *Pappas* na Girkanci ya zama *papa* a Latin, laƙabin manyan limaman Kirista, daga baya ya keɓanta ga na birnin Rum. Larabci ya mayar da shi *al-Baba*, Hausa kuma tana rubuta shi Paparoma ko Fafaroma, wato *p* ta koma *f* kamar yadda ta yi a Japan, ko da yake dalilin daban ne. *Abba* na Aramiyanci ya bi ta Girkanci da Latin ya zama sunan shugaban gidan sufayen Kirista a harsunan Turai, a Borno kuwa Abba laƙabi ne na 'ya'yan gidan Shehu. *Ata* na Turkanci yana cikin sunan Ataturk da majalisar Turkiyya ta ba Mustafa Kemal a 1934. A zaɓen Nijeriya na 2015 taken "Sai Baba" ya cika gari, kuma ya zo daidai harafi da harafi da sunan waliyyin nan na Shirdi a Indiya da ya rasu a 1918. Rabin wannan kamanni ɗabi'a ce, domin *baba* a wurare biyun girmama dattijo ne. Ɗaya rabin katari ne, domin *sai* ta Hausa ba ta san *sai* ta Indiya ba.

5.0 Tasirin Nazarin ga Rarrabe Dangin Harsuna

Ɗalibi mai son nuna dangantakar Hausa da Larabci yakan yi saurin kawo *uba* da *ab*, ko *umma* da *umm*. Na biyun aro ne na kwanan nan. Na farkon kuwa, ko da ya kasance gado, ba zai iya zama shaida ba, domin da irin wannan kamanni za a iya haɗa Hausa da Koriyanci mai *appa* da *omma*, ko Tamil mai *appa* da *amma*, ko harshen Bask na Sifen mai *ama*, ko Sumeriyancin da ya mutu shekaru dubbai da suka wuce, wanda shi ma *ama* yake kiran uwa.

Hujjojin da Joseph Greenberg ya kafa a 1963 wajen sanya harsunan Cadi cikin dangin Afro-Asiya, waɗanda Paul Newman da Roxana Ma suka ƙarfafa da kwatancen harsunan Cadi a 1966, daga wani wuri suka fito. Akwai *t* mai nuna tamata, wadda ake gani a *ta zo* da *tata* na Hausa, da kuma *taktubu* da ta'ul marbuɗa na Larabci. Akwai tsarin *na* ga namiji, *ta* ga mace, *na* ga jam'i. Akwai *k* ta wakilin suna mutum na biyu a *gidanka* da *baituka*. Akwai saiwar *mutu* ta Hausa da *mata* da *maut* na Larabci, da *me* ta tambaya da *ma* ta Larabci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da jariri yake furtawa a wata na takwas, kuma babu wani dalili na jiki da zai sa mace ta zama *t* maimakon *s* ko *g*. Saboda haka, wajen tsara jerin kalmomin da za a kwatanta harsunan Cadi da su, ya kamata a ware kalmomin goyo a rukuni na daban tun daga farko, a kuma rubuta kowace da karinta da tsawon wasalinta da jinsinta da yankin da aka ji ta, domin *baba* da aka rubuta ba kari tana iya zama ɗaya daga cikin kalmomi uku ko fiye.